Wa ya taɓa yini a daji ba farauta ba, ba itace ba?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya Asabar na yi wata tafiya da har yanzu ba ta bar raina ba, shi ya sa na ce bari in kawo ta nan mu tattauna.

Mu uku ne: ni, da wani abokin aikina Ba'amurke, da ɗansa mai shekara 11. Mun bar jihar Merilan ta Amurka bayan sallar asuba, muka nufi gandun dajin Shenandowa a jihar Bajiniya. Wajen takwas da rabi muka ajiye mota a kan dutse, a wani wuri da ake kira Hawksbill Gap, daga nan sai ƙafa. Muka gangara ta kwazazzabon Cedar Run har gindin dutsen, muka zagayo muka hauro ta Whiteoak inda ruwa ke zubowa daga sama hawa-hawa, mafi tsayinsa ya kai kusan mita 26. Da muka dawo mota da sauran rana, sai muka ƙara da hawa ƙololuwar Hawksbill, wadda ita ce mafi tsayi a gandun, mita 1,235. Duka-duka kilomita 16 ko kusa da haka. Bakwai ta wuce muka gama, kuma rana ba ta faɗi ba, don a farkon Mayu yinin nan yana kai awa 14.

Abin da ya fara ba ni mamaki: a saman dutse itatuwa kusan tsirara suke, sai 'yan tohon da bai gama buɗewa ba, ga sanyi har na sa rigar sanyi. Muna gangarawa ganye na ƙaruwa, har da muka isa ƙasa daji ya rufe, kore shar, zufa na keto min. Ashe shekarar tasu daga ƙasa take fara hawa dutse, a hankali. Cikin awa uku mun ratsa abin da zai ɗauki makonni kafin ya isa sama.

Dabbobi kuwa, mun ga barewarsu mai farin ƙasan wutsiya har sau huɗu, ko gudu ba ta yi. Mun ga talo-talon daji, da wani ƙaramin kurege mai zane a baya, da wani babban maƙwaƙwafi mai jan tukku da ke sarar mataccen itace kamar mai gatari. A wani kwana muka hangi beyar baƙa, wata ƙatuwar dabba mai gashi da farata, da ɗanta a tsallaken rafi, tana birkita duwatsu tana neman ƙwari. Muka tsaya cak har suka shige. Amma gaskiya ƙananan halittu ne suka fi cika min ido. Malam-buɗe-littafi masu ruwan ɗorawa da baƙin zane sun fi ashirin a kan jiƙaƙƙen yashi, suna tsotsar gishirin ƙasa. Akwai ƙadandoniya baƙa mai ratsin rawaya, yaron ya ce in sunkuya in shinshina, sai na ji ƙamshi kamar na turaren kek, ashe guba ce take fitarwa don kada tsuntsu ya ci ta.

Yaron nan, duk abin da muka wuce sai ya kira sunansa. Itace, fure, tsutsa, kukan tsuntsu. Ni kuwa sai na tuna kakana a ƙasar Tudun Wada, kusa da Falgore, wanda haka yake da dajinmu, ba ciyawar da bai san sunanta da amfaninta ba. Na yi ta lissafi a raina ina tafiya: kuka, tsamiya, ɗorawa, kanya, gawo, marke, kaɗanya, sai na tsaya. Shekara 30 na yi a Kano ban taɓa shiga daji don in duba shi kawai ba. Shin a cikinmu akwai wanda ya taɓa yi?

Alhaji Na-Kwari:
Wa alaikumus salam. Sannu da hanya Baban Hanifa, Allah ya huta gajiya. Amma ni fa ban gane ba. Ka tashi tun asuba, ka ƙona mai, ka yi tafiyar kilomita 16, ka dawo inda ka ajiye mota, ba ka ɗauko komai ba. Mu a saninmu mutum yana shiga daji ne da dalili: mafarauci, mai itace, makiyayi, mai saƙar amya, mai neman saiwar magani. Wanda ya shiga ba ɗaya daga cikin waɗannan, mutanen gari tambayar lafiyarsa suke yi. Kuma ka ce ka ga dabba da ɗanta. In da ta yo kanku fa? Kana da iyali, ƙanena.

Baban Hanifa:
Na gode Alhaji, Allah ya ƙara girma. Batun beyar akwai ƙa'ida, an rubuta a bakin kowace hanya: kada ka matso kusa da ita ƙasa da mita 45, kada ka gudu, kada ka ba ta abinci, ka riƙa magana don ta san da zuwanka. Ba a farauta a gandun, amma duk da haka ita ma gudun mutum take yi. Maganar ban ɗauko komai ba kuwa, ita ce ainihin abin da nake so mu yi muhawara a kai.

Malam Ɗanzariya:
Kafin a yi nisa, ina da gyara ɗaya. Na ga a hoton da ka ɗora ka rubuta "yawon bazara". Mun saba fassara wannan lokaci nasu da bazara, har a rediyo haka ake cewa, amma ba abu ɗaya ba ne. Bazararmu zafi ce, Maris zuwa Mayu, lokacin da rijiya ke ja baya, mutane na kwana a waje, ma'aunin zafi na haura 40. Nasu kuwa fitowa ce daga sanyin da ya kashe ganye. In don abin da ido ke gani ne, abin da ka kwatanta ya fi kama da makonnin farko bayan ruwan shuka: ƙasa ta yi ƙamshi, shamuwa ta dawo kan kuka, ciyawa ta fara leƙowa, shinge ya cika fitila da daddare, kwaɗi sun buɗe baki. Mu ruwa ke tayar da daji, su ɗumi ke tayar da shi.

Baban Hanifa:
Wallahi haka ne Malam, na karɓi gyara. Da na ga ƙwarin nan sun fito gaba ɗaya, daren shinge na tuna, muna yara muna ajiye kwano da ruwa a ƙarƙashin fitila.

Bappa Likitan Shanu:
Ni abin da ya tsaya min a labarin nan ba beyar ba ce. Ka ce barewa ta yi yawa har ba ta gudu. Inda barewa ta yi yawa, kaska ta yi yawa. Ka duba jikinka da ka dawo?

Baban Hanifa:
Na duba Bappa. Tun a hanya ma na kakkaɓe guda biyu daga wandona. Abokina ne ya sa na cusa bakin wando cikin safa tun kafin mu fara, kuma ya ce in sa kaya masu haske don a riƙa ganinta.

Anti Nas Gombe:
Yaya, duba ɗaya ba ya isa. Ka sake dubawa yau da gobe, kuma ka sa Maman Hanifa ta duba maka inda idonka ba ya kai: bayan gwiwa, hammata, cibiya, bayan kunne, cikin gashi, matsematsi. Kaskar da ke kawo cutar Laim a irin wannan lokaci ƙaramar ce, ba ta kai ƙwayar riɗi ba, ba irin ta shanu da muka sani mai kumbura kamar wake ba. Ba ta da zafin cizo, shi ya sa mutum ke yawo da ita kwana biyu bai sani ba.

Cutar ta samo suna ne daga wani gari a jihar Konetikat inda aka fara lura da ita a 1975, da yara da yawa suka riƙa ciwon gaɓoɓi. Ƙwayar bakteriya ce, kuma galibi sai kaskar ta wuce kwana guda a manne kafin ta zuba ta. Alamarta jan tabo mai faɗaɗa kamar zobe, yana iya fitowa daga kwana 3 har zuwa 30, da zazzaɓi da ciwon jiki. Ga matsalarmu mu baƙaƙen fata: tabon ba ya fitowa ja sosai a jikinmu, yana iya zama duhu-duhu kamar ƙujewa, har likita ya wuce shi. Kuma ɗan Najeriya da ya ji zazzaɓi, maleriya zai fara kawowa a ransa. Don haka in ka ji wani sauyi, ka gaya wa likita kai tsaye cewa ka shiga daji.

Alhaji Na-Kwari:
To kun ji ko? Ga abin da nake faɗa. An je kallo an dawo da cuta.

Hajiya Maman Iman:
In an same ta a jiki ba sai a ɗiga mata kananzir ba? Haka kakarmu ke yi mana, ko a kusanto mata da garwashi, sai ta saki da kanta.

Anti Nas Gombe:
A'a Hajiya, don Allah a daina wannan. Kananzir da wuta da man shafawa duk suna sa ta ta daɗe a jiki, kuma suna iya sa ta amayar da abin da ke cikinta cikin jini, wanda shi ake gudu. Matsefata mai siririn baki za a samu, a kama ta dab da fata, a ja sama a hankali ba murɗawa, sannan a wanke wurin da sabulu.

Bappa Likitan Shanu:
Anti ta faɗi daidai. Mu da ke aiki da garke mun san kaska ba abin rainawa ba ce. Da damina ta kama, babbar kaskar nan mai ado a baya takan cika hantsar saniya da ƙasan wutsiya, kuma inda ta yi yawa nan kirci ke yin yawa, fata ta lalace, nono ya ragu. Da can carki na taimakawa, ka ga saniya da tsuntsaye uku huɗu a bayanta suna tsince mata. Yanzu sai ka yi yawo mai nisa ba ka ga carki ba, kuma maganin feshin da muke yi wa shanu yana cikin abin da ya rage shi. Wannan ni kaina yana damuna, don da hannuna nake feshin.

Baban Hanifa:
Tunda an shiga maganar kaska, akwai wata a nan Bajiniya da ta fi ba ni tsoro. Macenta na da ɗigon fari ɗaya a baya. In ta ciji wasu mutane, jikinsu sai ya daina karɓar naman dabba mai shayarwa, sa ko rago ko akuya. Mutum zai ci nama lafiya, bayan awa uku ko biyar jiki ya ɗau ƙaiƙayi da borin jini, wani har numfashi ya toshe. Ana kiran abin alfa-gal, kuma likitocin Jami'ar Bajiniya na cikin waɗanda suka gano alaƙarsa da kaska. Kaza da kifi ba sa tayar da shi.

Alhaji Na-Kwari:
Innalillahi. Wato ba tsire, ba kilishi, ba naman layya? Baban Hanifa, don girman Allah ka riƙa zama a gida.

'Yar Jos:
Alhaji, da girmamawa, ban yarda da kai ba. In don ƙwaro ne, ai sauron da ke cikin ɗakinmu ya fi duk abin da aka lissafa a nan kisa, kuma ba mu bar gida ba, gidan sauro muka saya. Ni kusan duk wata sai mun hau duwatsun Shere tare da ƙungiyarmu, maza da mata, har da masu shekara sittin. Akwai likitoci, akwai 'yan kasuwa, akwai ɗalibai. Ba al'adar Turawa ba ce kawai yanzu, a Abuja ma duk Asabar akwai masu hawa dutse. Na fara ne saboda hawan jini, likita ya ce in riƙa tafiya. Abin da ya riƙe ni kuwa daban ne. Wata rana muka je dajin Amurum kusa da Laminga, inda ake nazarin tsuntsaye, wani ɗalibi ya ba ni madubin hangen nesa. Tsuntsun da na saba gani a matsayin "tsuntsu" kawai, sai ga shi da jan ido da shuɗin wuya. Ya ce min wasu daga cikin waɗanda muke gani da hunturu baƙi ne daga Turai, suna tsallake Sahara su zo, in Maris da Afrilu suka yi su koma. Abu mai nauyin da bai kai ƙwan kaza ba! Tun ranar ban ƙara kallon daji yadda nake kallonsa da ba.

Alhaji Na-Kwari:
'Yata, ku Jos Allah ya ba ku sanyi da duwatsu a bayan gida. Ni in na ce zan yi yawon daji, ina zan nufa? Ki faɗa min.

Ɗan Birnin Gwari:
Tambayar Alhaji ita ce maganar gaskiya, kuma ita nake jira a zo kanta. Ba ƙin daji muke yi ba. Ƙwace mana shi aka yi. Ina yaro muna shiga gefen dajin Kamuku neman ɗinya da tsada da zuma, mu yini, iyayenmu ba sa damuwa sai dai su ce a kula da maciji. Yau ko gonar da ke bakin dajin mutum ba ya zuwa sai da shahada. Rugu haka, dajin Zamfara haka. Sambisa da duniya ta sani da yaƙi, asalinsa gandun namun daji ne, mutane na zuwa kallon dabbobi. Ɗana yana da shekara 12, bai taɓa ganin gada da ransa ba, bai san kukan gauraka ba. Baban Hanifa, da na karanta labarinka ba barewar ce ta sa ni hawaye ba. Cewa ka yi yaro ɗan shekara 11 ya yini a daji, kuma abin da ake tsoro kawai kaska ce.

Baban Hanifa:
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ɗan'uwa. Wallahi na yi wannan tunanin a hanya. Mun haɗu da wata tsohuwa ita kaɗai da sandarta, ta gaishe mu ta wuce. Na daɗe ina waiwayenta.

Issoufou na Yamai:
Salamu alaikum. Mu ma nan Nijar abin guda ne. Kure, kamar kilomet 60 daga Yamai, nan ne raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka rage. A 1996 ba su kai 50 ba, aka yi ta aiki da mutanen ƙauyukan har suka haura 600. Muna zuwa da yara ranar Lahadi, raƙumin dawa na cin ganyen ƙirya da na gawo kusa da gonar mutane, ba shinge ba komi. Sai a watan Agusta na 2020 aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a wurin. Tun daga nan tahiyar ta mutu, jagororin da ke ci da wannan aiki suka rasa abin yi. Gandun dajin Parc W ma haka ya koma.

Amma in ba ku labari mai daɗi kan ƙwari. Baban Hanifa bai hwaɗi ko ƙananan ƙudajen bakin ruwa sun dame shi ba. Danginsu ne a nan ke kawo makantar bakin kogi, wadda ta tada ƙauyuka da dama a da. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ƙasa ta farko a Afirka. Da feshin magani a koguna da rabon ƙwayoyi shekara da shekaru aka kai ga haka.

Baban Hanifa:
Sun dame ni ƙwarai Malam Issoufou, musamman da rana ta ɗaga. Ido suke nema, kamar hayaƙi a gaban fuska. Na nan ba sa ɗauke da waccan cuta, takura ce kawai. Barka da wannan nasara, ban sani ba sai yanzu.

Malam Abu Sumayya:
Ina so in ce wani abu kan maganar Alhaji cewa ba a ɗauko komai ba. A Suratul Ankabut aya ta 20 an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fari halitta. Kuma ku lura, ita kanta surar sunan gizo-gizo gare ta, akwai ta tururuwa, akwai ta ƙudan zuma. Wanda ya sunkuya ya kalli ƙadandoniya ya yi tasbihi bai dawo hannu wofi ba. Sharaɗi dai kada a jefa kai cikin halaka, kuma kada salla ta wuce. A ina ka yi azahar, Baban Hanifa?

Baban Hanifa:
A kan wani faffaɗan dutse gefen ruwan Whiteoak, Malam. Ruwan sanyi kamar ƙanƙara, sai da hannuna ya ƙage. Abokina da ɗansa suka koma gefe suka jira ni. Ina cikin tahiya wani ɗan abu mai kamar ƙadangare, ruwan lemo jawur, ya zo ya ratsa ta gabana a hankali. Yaron ya ce ba ƙadangare ba ne, dangin kwaɗo ne, a ruwa ake haifarsa, ya fito tudu ya yi 'yan shekaru, sannan ya koma ruwa.

Bappa Likitan Shanu:
Ina da tambaya da ba wanda ya yi. Wannan daji mai kyau haka, ba mutane a cikinsa? Ba gona, ba rugga? Ina suka tafi?

Baban Hanifa:
Ka taɓo wuri mai ciwo, Bappa. Akwai mutane da. Kafin a buɗe gandun a 1935 ɗaruruwan iyalai ne ke zaune a duwatsun, manoma da masu gonakin tuffa da masu kiwo. Gwamnatin jihar ta karɓe filayen da ƙarfin doka, wasu suka karɓi diyya suka tashi, wasu aka fitar da su ba da son ransu ba. Har yau a wasu sassan akwai maƙabartunsu da ragowar murhun gidajensu a tsakiyar daji. Yawancin itatuwan da na gani ba tsofaffi ba ne can, gonaki ne da daji ya sake cinyewa.

Bappa Likitan Shanu:
To ka ji. Shi ya sa nake jan ƙafa in an fara yabon gandun daji. Mai zuwa kallo daga birni yana jin daɗi, wanda aka tasa daga wurin kuma ba a tuna shi. Mu Fulani mun san wannan. A ja layi a takarda a ce daga nan zuwa nan na giwa ne, alhali burtalin kakanka ya bi ta ciki. A gandun Gashaka-Gumti aƙalla an bar wasu wurare a kan tsaunuka inda makiyaya ke zaune a cikin gandun. Ba na ce babu rigima ba, amma an yarda mutum ma ɗan daji ne.

Ɗan Birnin Gwari:
Bappa, na fahimce ka, amma dubi ɗaya gefen. Dajin da ba mai tsaronsa, ba makiyayi ke cin moriyarsa ba yanzu, ba manomi ba. Masu gawayi sun sare, masu bindiga sun zauna. Da a ce ma'aikatan gandu na nan da ƙarfinsu, da ni da kai duk mun fi samun sauƙi.

Bappa Likitan Shanu:
Da a ce an sa mutanen wurin cikin tsaron tun farko, da ba a kai nan ba. Wanda ya san kowace hanyar shanu a daji shi aka mayar abokin gaba. Ba za mu gama wannan yau ba.

'Yar Jos:
Ku biyun duk kuna da gaskiya a wani wuri. Amma kada Alhaji ya tafi da cewa babu inda ya rage. Yankari na nan. Tun 1956 aka keɓe shi, ya fi murabba'in kilomita 2,200, akwai giwaye da ɓauna da gwanki da dorina a kogin Gaji, ga ruwan Wikki mai ɗumi wanda ba ya sauka daga kusan digiri 31 rani da damina. Sai dai a can a mota ake zagayawa da jagora, ba a sakin mutum da ƙafa, kuma ƙarshen rani ya fi kyau don dabbobi na taruwa a bakin ruwa. A kula da gwaggon biri a masauki, yana fizge leda daga hannu. A sa kaya masu kauri saboda ƙudan tsando, kuma a guji baƙi da shuɗi, su yake bi. Kafin a tashi dai a tambayi halin hanya.

Anti Nas Gombe:
Kuma duk mai shiga ciyawa a ɓangarenmu ya sa takalmi mai rufe idon sawu. A Kaltungo lokacin shuka da lokacin girbi ne asibitin saran maciji ke cika, yawanci kububuwa. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tam, a ɗauki mutum a kai shi inda allurar take.

Baban Hanifa:
Wani abu da na manta ban faɗa ba, kuma ya shafi ƙwari. Gefen rafin akwai gawarwakin wasu manyan itatuwa, wasu a tsaye sun bushe, wasu sun faɗi gansakuka ya rufe su. Na ɗauka gobara ce. Abokina ya ce wani ɗan ƙwaro ne da ya shigo daga Japan, ƙanƙane kamar ƙura, yana maƙalewa a gindin ganye da wani farin abu kamar auduga yana tsotse ruwan itacen. Shi ya kashe mafi yawan wannan irin itace a gandun, har da waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru. Da inuwarsu ta tafi, ruwan rafin ya ƙara ɗumi, kifin da ke son sanyi ya shiga wahala. Ya ce yana yaro wurin duhu ne ko da tsakar rana. Yana faɗa muryarsa na rawa.

Malam Ɗanzariya:
Irin abin da tsutsar nan ta yi wa masararmu daga 2016, ita ma baƙuwa ce, daga nahiyar Amurka ta zo. Su ta Asiya ta cinye musu daji, mu tasu ta cinye mana gona.

Alhaji Na-Kwari:
Na karanta duka. Har yanzu ni ba zan yi tafiyar kilomita 16 don kallon tsutsa ba, ƙafata ma ba za ta yarda ba. Amma maganar Ɗan Birnin Gwari ta taɓa ni. Mahaifina falke ne, da jakuna yake ratsa Falgore zuwa Jos, yana ba mu labarin inda suke kwana da itacen da ake tauna in ƙishi ya kama. Ban riƙe sunan itacen ba. Yau da na nema a kaina na rasa, kuma duk waɗanda zan tambaya sun rasu.

Bappa Likitan Shanu:
Alhaji, kwatanta min shi. Ganyen ake tauna ko ɓawon ko saiwar? In ba ni na sani ba, akwai wani baffana a rugga da ya haura tamanin, zan kira shi.

Alhaji Na-Kwari:
Kamar dai ɗanyen reshe ne, ya ce yana da ɗan tsami. Bari in tambayi yayata a Gwarzo, ko ta tuna.

Baban Hanifa:
Jama'a, na dawo da labari. Anti, Allah ya saka da alheri. Daren jiya Maman Hanifa ta samo ta a bayan gwiwata ta hagu, ƙanƙanuwa kamar ɗigon biro, ni da na duba sau biyu ban gan ta ba. Mun cire ta da matsefata yadda kika ce, muka sa ta a 'yar leda, da safe na kai asibiti. Likita ta duba ta ce irin mai kawo Laim ce, kuma tunda ta wuce awa 36 a jiki amma ba a yi kwana uku da cire ta ba, ta ba ni maganin doksisaiklin na rigakafi, wanda ake sha sau ɗaya kawai. Ta ce nan gaba in fesa wa kayan tafiyata maganin ƙwari fametirin su bushe kafin in sa, kuma in na dawo in jefa su a na'urar busar da kaya mai zafi na minti 10.

Anti Nas Gombe:
Alhamdulillah. Ka zagaye wurin da biro, ka ɗauki hotonsa yau a cikin haske mai kyau, ka riƙa kwatantawa har wata guda. Ka kira abokin naka ma, a sake duba yaron, musamman cikin gashin kansa.

Alhaji Na-Kwari:
Ka ce "nan gaba". Wato komawa za ka yi?

Baban Hanifa:
In sha Allahu, Alhaji, farkon Yuni, lokacin da wani fure fari da ruwan hoda ke rufe gefen dutsen. Wannan karon da Hanifa za mu, gajeriyar hanya za mu bi. Bappa, in ka kira baffan naka, don Allah ka naɗo muryarsa yana lissafa itatuwa da Hausa da Fulatanci ka turo mana nan, ina so ta ji.

Bappa Likitan Shanu:
Ranar Laraba ake cin kasuwarsu, sai ya fito nan yake samun sabis. Zan gwada. Alhaji, kafin nan ka ji daga yayarka, ko launin ɓawon ne ta tuna.